Sabunta Injin Tsohuwar Mota a Karkarar Gwandu da Kalgo: Matsayin Awo a Aikin Bakanike

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan da ke shimfiɗe a karkarar Gwandu da Kalgo cikin Jihar Kebbi, irin su Wurogauri, tsofaffin motoci ne ke fitar da amfanin gona zuwa kasuwa. Daga cikinsu akwai ƙirar Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, watau a-kori-kura samfurin 504 da kuma J5, waɗanda akan laɓta wa buhunan shinkafa da gero da albasa a nufi Jega ko Birnin Kebbi da su. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi yaran da ke bin su. Ranar da injin ɗayansu ya buga kuwa, asarar ba ta tsayawa ga mai mota shi kaɗai, takan shafi direba da yaron mota da manomin da kayan gwarinsa ke jibge bakin hanya rana tana dukansu.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda ake sabunta injin irin waɗannan motoci, watau a sauke shi, a warware shi, a sake haɗa shi ta yadda ƙarfinsa zai komo, shan mansa ya ragu, kula da shi kuma ya yi sauƙi. Abu guda muke son tabbatarwa, shi ne cewa nasarar wannan aiki ta rataya ne a kan awo. Injin da aka zuba wa sababbin kaya ba tare da an auna ba, ba ya jimawa yake komawa gareji. Wanda aka auna kuwa, ko da wasu kayansa tsofaffi ne, yakan shekara da shekaru yana aiki. Za mu ɗauki injin Peugeot mai shan fetur a matsayin misali, domin shi ne kanikawan wannan yanki suka daɗe da saninsa.

2.0 Yadda Waɗannan Motoci Suka Zauna a Ƙasarmu

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 404 a shekarar 1960, sa'an nan 504 ta biyo baya a 1968. Sun yi suna a Afirka saboda jure mummunar hanya, har 404 ta lashe tseren motoci na Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita kuma 504 ta lashe shi a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar haɗa motocin Peugeot da ke Kaduna ta fara aiki, a zamanin da gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin ƙetare aka kafa irinta ta Volkswagen a Ikko, da ta Steyr a Bauci, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa.

Tun daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Ta wannan hanya J5 ta yawaita a Arewa. An ƙera ta a Turai daga 1981 zuwa 1993, kuma samfurinta mai fetur injin dangin 504 ne a cikinta, sai dai an kwantar da shi a gicciye.

A Turai, motar da ta shekara talatin akan lasafta ta cikin motocin tarihi, masu hali su gyara ta don nishaɗi da baje koli. Halinmu ya fi kama da na Kyuba, inda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba tun farkon shekarun 1960 ya tilasta wa kanikawa raya motocin shekarun 1950 don neman abinci. Saboda haka, idan muka yi maganar ingancin inji a nan, muna nufin abu uku: ya ja kaya, ya rage shan mai, ya gyaru a garejin ƙauye.

3.0 Ginin Injin

Injin 504 da aka fi sani mai silinda huɗu ne. Faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin kuma milimita 81, wanda ya ba da jimlar cikin inji sisi 1971. Akwai ƙaraminsa mai sisi 1796, na 404 kuwa sisi 1618 ne. Bulok ɗinsa zubin baƙin ƙarfe ne, top silinda kuma alminiyam. Yana aiki da bugu huɗu kamar sauran injunan fetur: fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Abin da ya bambanta wannan inji da mafi yawan na Japan shi ne, ba a huda ramin silinda a jikin bulok ba. Kowane fistin yana kai da komowa ne cikin wani bututun ƙarfe da ake zurawa a kuma zare, wanda kanikawa ke kira silif, ruwan lagireto yana zagaya bayansa kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce, idan silinda ta cinye, ba sai an kai bulok wurin masu injin gurza ba. Ana zare tsofaffin silif a zura sababbi tare da fistin da ringin da aka yi su tare, inji ya koma awonsa na asali. Watau tun daga masana'anta an gina shi ne domin a riƙa sabunta shi. Amma wannan sauƙi yana tafe da sharaɗi, kamar yadda za mu gani a sashe na 5.1.

4.0 Gano Ciwo Kafin a Warware

Ba kowane inji mai hayaƙi ne ke bukatar a sauke shi ba. Launin hayaƙi yakan ba da labari. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya fi iska yawa, laifin kuwa galibi na kafireto ne ko matatar iska da ta toshe. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna baƙin mai na ƙonewa, ko ta wajen ringi ko ta wajen bawul. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, tare da baƙin mai da ya koma kamar kunu, ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba.

Amma hukunci na ƙarshe yana ga ma'aunin matsi. Akan ɗumama inji, a cire fulogi duka huɗu, a ɗaura ma'aunin a ramin kowanne, a buga sitata a rubuta abin da ya nuna. Bai kamata silinda mafi rauni ta gaza mafi ƙarfi da abin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Idan an sami mai rauni, sai a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake gwadawa. In matsi ya tashi, ringi ko silif ne suka cinye, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai tashi ba, a duba bawul ko gasket. In kuwa silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, mai yiwuwa gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Wannan gwaji ba ya cin rabin sa'a, amma yakan ceci mai mota daga sayen kayan da ba ya bukata.

5.0 Awon da Aikin Ya Rataya a Kansa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi. A cikin inji kuwa, tazarar da ke raba lafiya da lalacewa takan gaza kaurin silin gashi, ido kuma ba ya iya tantance ta, komai daɗewar bakanike a kan sana'a.

5.1 Silif da Fistin da Ringi

Gyaran da ya fi yawa a garejinmu shi ne abin da ake kira zuba ringi, watau a sa sababbin ringi a bar tsohon silif. Matsalar ita ce silif ba ya cinyewa daidai wa daida. Ya fi cinyewa daga sama, inda zafi da matsi suka fi tsanani, kuma ya fi cinyewa ta ɓangaren da fistin ke jingina, har ramin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Sabon ringi mai cikakkiyar da'ira ba ya toshe irin wannan rami. Daɗin daɗawa, akwai ɗan tudu da kan rage a bakin silif inda tsohon ringi bai kai ba, sabon ringi yakan doke shi ya karye. Don haka wajibi ne a auna faɗin silif sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, kafin a yanke shawara. Haka kuma a zura kowane ringi cikin silif a auna tazarar bakinsa. In ta yi kaɗan, zafi zai kumbura shi ya kama, in ta yi yawa matsi zai zurare.

Sharaɗin da muka ambata a baya shi ne, tilas kan kowane silif ya ɗara saman bulok da ɗan tsawo wanda bai wuce kaurin fallen takarda ba, domin gasket ya danne shi sosai. Ana daidaita wannan ne da 'yan zobba sirara masu kauri daban-daban da ake sawa ƙarƙashin silif. In wani ya nutse, gasket zai ƙone, in zoben ƙasa ya motsa, ruwa zai gangara cikin baƙin mai. Wannan ne ya sa ba a ɗaga top silinda sama da ƙarfi, sai dai a fara gusar da shi gefe ya rabu da gasket, kuma ba a juya karanshaf bayan an cire top sai an danne silif da wani ƙarfe. Sau da yawa injin da ake cewa ya ƙi gyara, wannan ɗan awo ne aka tsallake.

5.2 Karanshaf da Metal

Karanshaf ba ya taɓa metal idan inji na da lafiya, yana yawo ne bisa wani siririn shimfiɗin baƙin mai, a tazarar da ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari na milimita ba. In tazarar ta buɗe, ƙarfin mai ya faɗi, sai a fara jin ƙwanƙwasa, daga nan inji ya buga. Akan auna kowace gaɓa ta karanshaf da maikuromita. In ta cinye ko ta karkace, a kai wa masu gurza su rage ta zuwa awo na gaba, a sayi metal mai kaurin da ya dace da wannan awo, a kuma sake aunawa bayan an karɓo, domin mai gurza ma ɗan Adam ne. Sa takarda ko gwangwani bayan metal don cike gibi gyaran gangar Auzinawa ne. Bayan gurza, lalle ne a wanke hanyoyin mai na cikin karanshaf da bulok sarai, domin garin ƙarfen da ya maƙale ciki yana iya cinye sabon metal cikin 'yan kwanaki.

5.3 Top Silinda da Bawul

Alminiyam yakan lanƙwashe idan inji ya tafasa. Akan aza miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar top a gwada zura ma'aunin tazara ƙarƙashinsa. In ya lanƙwashe sai a share fuskar, amma kowace shara tana rage ɗakin ƙonewa, matsi ya ƙaru, in an wuce iyaka inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wanda ke huda fistin a hankali. Wajen ɗauri, akan fara da kusoshin tsakiya a fita zuwa gefe, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Sifana da aka ƙara wa bututu ba ta san iyaka ba.

Tazarar bawul a wannan inji, yana sanyi, ita ce milimita 0.10 ga na shigar mai, da 0.25 ga na fitar hayaƙi. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma a lura, Faransawa suna fara ƙirga silinda daga wajen filawil, saɓanin abin da wanda ya koyi aiki a kan motocin Japan ya saba. Wannan ɗan bambanci ya sha rikita yaran gareji wajen jera wayoyin fulogi.

5.4 Bayan Haɗawa

Sabon haɗi yana bukatar lallashi. A kilomita 1,000 na farko ba a laɓta wa mota cikakken kaya, ba a kuma ƙure ta da gudu. Daga nan a juye baƙin mai, a sauya matatarsa, a sake ɗaure top inji yana sanyi, a sake daidaita bawul. Mun san wannan yana da wuya ga mai motar da ya ci bashi ya yi gyara yana ɗokin fara biya, amma haƙurin mako biyu ya fi sauke inji sau biyu.

6.0 Sauye-sauyen da Suka Dace da Yanayinmu

Ba dole ne a mayar da inji yadda ya fito daga masana'anta ta kowace fuska ba. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a duba.

Na farko, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura, hanyoyin ƙauye kuma ba su da kwalta. Ƙurar da ta shiga silinda ta gauraya da mai, aikin dutsen wasa take yi. Tafiya ba matatar iska, ko da yagaggiya, tana iya mayar da sabon silif tsoho a kaka guda. Matata mai kwanon mai ta dace da karkara, domin wanke ta ake yi a sake zuba mai, ba sai an je birni sayen wata ba.

Na biyu, zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, shi ya sa kanikawa da yawa ke cire tamostat suna ganin kayan ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya hana ruwa zuwa lagireto har inji ya kai zafin aikinsa. Injin da ke aiki da sanyi, kamar a asubahin hunturu, ba ya ƙone mai sosai, fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silif, cinyewa ta ƙaru. Tafasa kuwa galibi daga toshewar lagireto take, ko sakin fanbel, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, ko jinkirin wuta. Ruwan rijiya yana tara gishiri a lagireto yana kuma cin alminiyam, don haka ruwa mai tsabta da aka gauraya da maganin tsatsa ya fi.

Na uku, wuta. Kwantak yana cinyewa kullum, tazararsa ta milimita 0.40 tana gushewa, lokacin tartsatsi ya goce, ƙarfi ya ragu ba tare da direba ya farga ba. Injunan wannan dangi na baya-baya sun zo da distiribito mai aiki da lantarki wanda ba shi da kwantak, kuma ana iya sa shi a tsohon inji tare da kwayil ɗin da ya dace da shi. Wannan yana rage zuwa gareji ƙwarai. Sai dai in ya mutu a daji ba ya gyaruwa, don haka hikima ce a ajiye tsohon a cikin mota.

Na huɗu, mai. An gina waɗannan injuna a zamanin fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin bawul amma tana cutar da lafiyar mutane. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da shi zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Top na alminiyam yana da mazaunin bawul na ƙarfe dabam da aka dasa, don haka illar ba ta kai ta top na baƙin ƙarfe ba, amma ya kamata a riƙa duba tazarar bawul na hayaƙi a kai a kai. Game da kafireto, buɗe jet da allura ko waya don neman ƙarfi ɓarnar mai ce kawai. Masu sha'awar mayar da mota ga iskar gas, wadda gwamnatin tarayya ta ƙara ƙarfafawa a 2023, su sani cewa inji mai kafireto yana karɓar juyin, amma sai bawul da wutarsa suna da lafiya, ƙarfinsa kuma zai ɗan ragu, sa'an nan sai an tabbatar akwai wurin ɗurawa kusa. Matsin wannan iska yakan kai ba 200, ya ninka na tukunyar gas ɗin girki sau da yawa. Fashewar da ta auku a wani gidan mai a birnin Binin cikin Oktoba 2024, sanadiyyar tukunya marar inganci, ta isa gargaɗi.

7.0 Sabuntawa ko Sayen Injin Beljiyam

Mai mota yakan tambaya, me zai hana ya sayi injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ya huta? Amsa ita ce, tun 1993 aka daina ƙera J5, saboda haka duk injinta da ke kasuwa ya haura shekara talatin, kuma ba wanda ya san tarihinsa. Bayan haka, tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yuni 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Injin da aka sabunta bisa awo kuwa, an san abin da ke cikinsa. Sayen wani yana zama dole ne idan bulok ya tsage ko karanshaf ya wuce awon gurza na ƙarshe, kuma ko shi ma a gwada matsinsa kafin a biya.

Cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara wa wannan magana nauyi, domin litar da ke wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024. Mu ƙaddara, alal misali, mota tana yin kilomita 100 zuwa kasuwa da komowa, injin da aka daidaita yana shan lita 12, wanda aka yi wa gyaran ido kuma lita 18. In lita tana naira 1,000, bambancin naira 6,000 ne a kowace tafiya, watau 120,000 a tafiya ashirin. Wannan kuɗi daga ƙarshe manomi ne ke biyansa a kuɗin dakon buhunsa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa injin Peugeot an gina shi ne domin a riƙa sabunta shi, kuma matakan aikin, daga gano ciwo har zuwa ɗaurin ƙarshe, kowanne yana da awonsa. Kanikawanmu ba su rasa basira ba. Wanda ke gane ciwon inji da kunne, ya tayar da mota a daji da waya da filaya, ba a raina saninsa. Abin da ya rasa shi ne kayan awo da littafin awo cikin harshen da yake karantawa. Mu kuwa a kwalejojin ilimi da na fasaha muna da maikuromita a kulle cikin kabad, ɗalibanmu suna zana ta a jarrabawa, da yawansu ba su taɓa sauke inji ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Sassan koyar da fasaha su tattara awon injunan da suka fi yawa a yankinsu su buga shi da Hausa, da sunayen da gareji ya sani, a takardar da za a iya liƙawa a bango. Ƙungiyoyin kanikawa a garuruwa irin su Gwandu da Kalgo da Jega su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin matsi da maikuromita da sifana mai awo, a riƙa ba mambobi aro, tun da ba kowane gareji ne zai iya mallakarsu shi kaɗai ba. Sa'an nan ɗaliban da ake turawa koyon aiki a lokacin karatu a riƙa kai wasunsu waɗannan gareji, su je da kayan awo, su koyi hannu daga masu gida, su kuma nuna yadda ake karanta ma'auni. In an yi haka, a-kori-kurar da ke ɗaukar albasar Wurogauri za ta rage kwana a gareji, kuɗin da ake ƙonawa a hayaƙi kuma ya tsaya a aljihun masu shi.